Gwajin alaji a Abuja: sau biyu na hau jirgi kafin a tsaga min hannu

Shekara kusan tara ina fama da abu ɗaya, duk safiyar Allah da na buɗe ido sai atishawa, ba ɗaya ba biyu ba, sai in jera goma sha wani abu kafin in kai ga butar alwala, hanci na zuba kaman famfon da kansa ya lalace, ido ya yi jajir yana ƙaiƙayi har cikin kunne da maƙogwaro. A gidanmu an daɗe da yanke hukunci, wai sanyi ne. Inna ta haɗa min citta da kanumfari da masoro, aka raba ni da ruwan firij, aka raba ni da fanka, har safa nake kwana da ita a watan Afrilu, amma shiru kake ji. Mai kemis ɗin layinmu kuwa tun daga nesa in ya hango ni yake ɗauko Piriton, kuma gaskiya yana tsayar da abun, sai dai fa in wuni ina gyangyaɗi a ofishin malamai kaman wadda ta kwana gidan biki.

Wata abokiyar aikina da ɗanta ke da asma ita ta ba ni labarin wani asibitin kuɗi a Abuja da suke gwajin fata, a gano takamaimai me jikin mutum ba ya so, wato abun da ake ce wa alaji. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba talla suka biya ni ba, kuma akwai inda zan taɓa su.

Toh bari in fara da taɓawar. Na buga waya, wata ta ɗauka da muryarta mai daɗi ta ba ni rana da lokaci, ta faɗa min kuɗin kati da na ganin likita, shikenan. Na nemi izini a makaranta, na yi sammako zuwa tashar Rigasa a Kaduna, na hau jirgin ƙasa na sauka Idu a Abuja, na biya ɗan tasi kuɗin da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, na isa. Nas ta auna min jini, tana cike takarda sai ta ce, “Anti, yaushe rabonki da maganin mura ko na ƙaiƙayi?” Na ce ai jiya da daddare ma na sha, don kar in zo ina muku atishawa. Sai ta aje biro. Ashe maganin da na sha aikinsa kenan ya toshe abun da gwajin yake nema ya gani, ko an yi fatar ba za ta nuna komai ba, sai ka tafi gida da sakamakon ƙarya wai lafiyarka ƙalau. Dole a daina sha na kwanaki kafin a zo, ni mako guda suka ce. Jimla ɗaya tak da ta faɗa min a waya da ban yi asarar kuɗin jirgi da yini guda ba. Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba, har sai da wani babba a cikinsu ya fito ya ba ni haƙuri ya ce in na dawo ba zan sake biyan kuɗin ganin likita ba, kuma sun cika alkawari. Amma duk mai niyyar zuwa irin wannan gwajin a ko'ina ne, ka tambaya da bakinka wane magani za ka aje, kar ka jira su tuna.

Makon nan da na yi ba magani, Allah kaɗai ya san yadda na yi shi. Tishu leda guda a kwana biyu.

Zuwa na biyu ne na ga abun da na biya wa kuɗi. Likitan dattijo ne mai sanyin magana, kuma kafin ya taɓa ni sai da ya yi ta jero tambayoyi har na fara tunanin ko ɗan sanda ne. Da safe ya fi ko da dare? Da damina ko da hunturu? In kin yi tafiya kin kwana wani gari yana raguwa? Katifarki shekararta nawa? Akwai kafet a ɗakin? Kyanwa fa, tantabaru, kaji? Kina ganin kyankyasai a kicin? Wa ke da asma ko borin jini a danginku? Ni da na zo da amsata a shirye cewa ƙurar hunturu ce, da ya sa na zauna na yi tunani da kyau sai na ga ashe watan Agusta ma ya fi ba ni wahala, lokacin da ko ƙura babu a gari. Ya yi murmushi kawai ya rubuta.

Gwajin kansa ba wani abun tsoro bane. Na miƙa hannu a kan tebur, cikin dantse daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, nas ta goge ta yi lambobi da biro layi biyu, kowace lamba ta ɗiga mata ɗigon ruwa daga wasu ƙananan kwalabe, sannan ta bi kowane ɗigo da wani ɗan tsinken ƙarfe ta ɗan tsikari saman fatar, kowane ɗigo da sabon tsinke. Ko jini bai fito ba, cizon cinnaka ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Biyu daga cikin ɗigon na tabbatarwa ne, ɗaya ruwan gishiri zalla wanda bai kamata ya tashi ba, ɗaya kuma histamin, sinadarin da ke sa ƙaiƙayi da kumburi, wanda dole ya tashi in dai fatar na amsawa. Aka ce in zauna minti 15, kar in sosa.

Kar in sosa! Ko minti biyar ba a yi ba lamba uku da huɗu suka fara wani irin ƙaiƙayi, ina kallo da idona fatar ta kumbura ta yi tudu fari-fari kaman cizon sauro, gefen ya yi ja, lamba bakwai ma ta biyo baya. Sauran kuwa ko gezau. Ina zaune ina cije leɓe sai likitan ya jawo takarda ya ce, “Malama, tunda ke mai koyarwa ce bari in koya miki abun da ke faruwa a hannun nan yanzu haka.” Wallahi wannan minti goman ya fi min gwajin kansa amfani.

Yadda na fahimta, ranar farko da abun da ke tayar maka da alajin ya shiga jikinka ba ka jin komai. Garkuwar jiki ce take karɓarsa ta duba, a wajen yawancin mutane sai ta ce wannan ba komai bane ta ƙyale shi, amma a wajen irinmu sai ta yi masa rajista a matsayin maƙiyi ta ƙera masa wani makami na musamman da ake kira IgE. Wannan IgE ɗin sai ya je ya manne a bayan wasu ƙwayoyi da ake ce wa mast, suna nan jibge a fata da cikin hanci da huhu da hanji, cikinsu cike da ƙunshin sinadarai, babba a ciki shine histamin. Ya ce in ɗauka ’yan sintirin unguwa ne aka raba musu hoton mai garuwa aka ce ɓarawo ne. Bawan Allah bai yi komai ba, amma duk ranar da ya turo kurarsa cikin layi sai a busa usur, a rufe hanya, a fito da gora, a farfasa tukwanen mutane garin kama shi. Haka abun yake, da zarar abun ya dawo ya haɗa IgE biyu a bayan ƙwayar, sai ta zazzage kayan cikinta cikin mintuna. Histamin ya buɗa ƙananan jijiyoyin jini su fara yoyon ruwa, shine kumburi da ja. Ya tsokano jijiyoyin ji, shine ƙaiƙayi da atishawa. Ya sa hanci ya yi ta tatso majina. Bayan wasu awanni kuma sai runduna ta biyu ta iso, wasu fararen ƙwayoyin jini da aka kira tun farko, su ne masu toshe hanci da daddare bayan ka ɗauka an gama.

Na ce toh Likita me ya sa jiki zai aje makamin da ba ya yi wa kowa amfani sai wahala? Ya ce yana da amfani, asalin aikinsa yaƙi da tsutsar ciki ne da ire-irenta, shi ya sa mai tsutsa in an auna jininsa ake samun IgE ya hau sama ko da ba shi da alaji. Mu dai namu ya ɓata saiti ne.

Da na dawo gida na ɗan bi tarihin abun, don ni in abu ya shiga kaina sai na ga ƙarshensa. Ashe gwajin da aka yi min tsoho ne tukuf, wani likita a Manchesta ta Ingila, Charles Blackley, shi da kansa yana fama da atishawar lokacin furen ciyawa, ya tsaga fatarsa ya shafa garin furen ya ga ta kumbura, ya wallafa abun da ya gano a 1873. Kalmar alaji kuma wani likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro ta a 1906. Amma shi IgE ɗin sai wajen 1966 aka kama shi, wasu mata da miji ’yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, suna aiki a Denba ta Amurka. Wato sama da shekara casa'in likitoci na ganin kumburin nan ba su san wa ke kunna shi ba, sai na ɗan rage jin haushin Inna da cittarta.

Da lokaci ya cika nas ta zo da ’yar rula ta auna kowane tudu, ƙa'idar ita ce in ya fi na ruwan gishiri da milimita 3 ko sama toh ya nuna. Uku da huɗu ƙwarin ƙurar ɗaki ne iri biyu, bakwai kuma kyankyaso. Kyanwa babu, ciyawa babu, gyaɗa babu, ƙwai babu. Ni da na yi shekara biyu ina gudun ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa saboda wata ta ce min su ke tayar da shi.

Ƙwarin ƙurar nan ban taɓa jin labarinsu ba sai ranar. Ido ba ya ganinsu, ba su kai rabin milimita ba, ba sa cizo, suna zaune cikin katifa da filo da kafet da labule suna cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu, kuma abun da ke tayar min da hankali ba su ɗin bane ma, kashinsu ne, a yi haƙuri da kalmar. Danshi suke so, shi ya sa damina ta fi min muni, shi ya sa kuma da asuba ne, bayan na kwana fuskata a kan filo. Hazon hunturu da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, likitan ya ce su ba alajin bane, hanci ne da ya riga ya kumbura komai ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Maganar turaren wutan nan ta yi min ciwo, ba zan yi ƙarya ba.

Sai na tuna na ciro waya na nuna masa hoton hannuna bayan bikin ƙanwata. An yi mana baƙin lalle, dayis, ranar ya fito ras kowa na yabawa, kwana biyu bayan nan duk inda zanen ya bi ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, fulawar nan ta fito sak amma da ciwo, tabon ya fi wata uku. Na ce wannan fa wace lamba ce a cikin gwajin? Ya ce babu ita, kuma ba za ta taɓa fitowa a wannan gwajin ba don hanyarta daban. Wai tun 1963 wasu masana biyu a Ingila, Gell da Coombs, suka kasa irin wannan wuce gona da iri na garkuwar jiki gida huɗu. Na farko shine nawa na hanci, mai saurin fushi. Na biyu irin abun da ke faruwa in an ƙara wa mutum jinin da ba rukuninsa ba, ko uwa mai jini nagetif da jikinta ke yaƙar jinin jaririnta. Na uku ya ambaci cutar lufus ya wuce. Na huɗu shine na lallen, babu ruwansa da IgE, wasu ƙwayoyi ne da ake kira T, su kuma ba sa gaggawa, sai sun yi awa 48 zuwa 72 kafin su taru a wurin. Mai laifin galibi wani sinadarin rini ne, PPD, da ake zubawa don lallen ya yi baƙi ya kama da wuri, shi ne dai a yawancin rinin gashi, kuma in jiki ya riga ya haddace shi toh ya haddace kenan, karo na gaba ya fi na baya. Irin wannan ne kuma ke sa kunnen wasu ya yi ruwa in sun sa ɗan kunnen da ba gwal ba, saboda ƙarfen nikel. Maganin mura ba ya wani taɓuka abu a nan tunda ba histamin ke jan ragamar ba.

Gwajin wannan daban ne, manna abubuwa ake a gadon baya a bar su kwana biyu ba a jiƙa ba. Na ce a yi min, aka ce kayan sun ƙare sai an kawo. Wata huɗu kenan ina bugawa, har yanzu ana kawowa.

Na tambaye shi ƙaiƙayin kulorokwin ma, don maigidana har gobe a asibiti cewa yake yana da alajinsa. Ya yi dariya ya ce wannan ƙaiƙayin da ya addabi baƙar fata ba ta hanyar IgE yake zuwa ba, shi ya sa da yawa ko sun haɗa da maganin ƙaiƙayi ba sa samun sauƙin kirki.

Abu ɗaya da ya kwantar min da hankali, kafin a fara na tambayi nas in jikina ya rikice fa? Ta buɗe wata durowa a gefen gadon ta nuna min allurar adirenalin a shirye da abun iskar numfashi, kuma bayan an gama ba su bar ni na tafi nan take ba, sai da na ƙara zama. Da wuya gwajin fata ya kai ga haka, amma ita wannan rikicewar gaskiya ce, in ƙwayoyin mast na duk jiki suka zazzage lokaci guda, leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, jini ya faɗi, mutum ya zube cikin mintuna, an fi ganinsa a harbin zuma ko allurar fenisilin ko wani abinci. Likitan ya nanata min sau biyu cewa a irin wannan hali adirenalin ake yi a tsokar cinya a ruga asibiti, ba a tsaya neman ƙwayar mura ko manja ba. Duk wurin da za su yi maka wannan gwajin ba su da ita a kusa, ɗau jakarka.

Sai abu na biyu da ya ɓata min rai. Na fito wajen biyan kuɗi wata ’yar gayu ta tare ni da takarda mai sheƙi, wai akwai gwajin jini na abinci sama da ɗari, za a gano duk abincin da jikina ba ya so, kuɗinsa ya ninka wanda na biya. Har na fara lissafin abun da ya rage a asusu, sai na ce bari in koma in tambayi likita. Ya kalli takardar ya ce, “Malama, riƙe kuɗinki.” Wai shi wancan IgG yake aunawa, shi kuma IgG na abinci alama ce kawai ta cewa kana cin abincin, sai a ba ka jerin sunaye a hana ka shinkafa da madara da wake a banza. Na ji daɗin gaskiyarsa, amma abun da ban gane ba shine yadda asibiti ɗaya, likita na ciki yana cewa kar a yi, a bakin ƙofa kuma ana tallarsa. Wanda bai koma ya tambaya ba fa?

Maganin da ya rubuta ba wani mai yawa bane. Feshin hanci mai sitiroyid kullum, ya ce kar in sa ran ganin aiki ranar farko, sai an jera kwanaki har mako biyu. Wanke hanci da ruwan gishiri. Loratadin in abun ya motsa, shi ba ya kwantar da ni kaman Piriton. Ya ja min kunne kan deksa da ake saya a kemis kaman alewa, da kuma ɗigon hancin nan mai buɗewa nan take, ya ce in an wuce kwana biyar zuwa bakwai ana sawa hancin sai ya koma ba ya buɗuwa sai da shi. Sauran aikin a gida yake: zanen gado da rigar filo a wanke da ruwan zafi mai kai digiri 60 duk mako, katifa a sa mata riga mai zif, a daina shara da tsintsiya a ɗakin kwana a koma gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, a toshe ramukan kicin a daina kwana da kwanuka ba wanki. Da kafet. Kafet ɗin nan cikin kayan ɗakina yake, gwaggona ce ta saya, ranar da muka naɗe shi muka fitar sai da aka yi zaman sulhu a waya.

Akwai wata allura ko ƙwayar ƙarƙashin harshe da ake yi shekara 3 zuwa 5 don a saba wa jiki da abun a hankali, ita ce ke taɓa tushen matsalar, amma sun ce ba sa yi a wurinsu.

Yanzu wata huɗu. Ban warke ba, kar wani ya ce na ce. Amma atishawar asuba ta dawo biyu ko uku, wata ran ma babu, ina kwana baki a rufe, na koma shan ruwan sanyi da kunun gyaɗa. In na yi sakaci da feshin na mako guda ko na kwana gidan da ke da tsohuwar katifa, sai ta dawo ta gaishe ni. Kuɗin gaba ɗaya da jirgi biyu ya kusa cinye albashin wata, don haka wanda atishawarsa ta sati biyu ce a shekara kuma loratadin na riƙe shi, ni ban ga dalilin wannan tafiyar ba. Amma mai irin nawa na shekara da shekaru, ko yaro mai asma, ko wanda aka hana shi abinci kala biyar bisa zato, ya je. Likita da nas na ba su biyar cikin biyar, teburin karɓar baƙi da mai takarda mai sheƙi ɗaya ma don Allah ne.

Wata mai zuwa akwai bikin ’yar yayata a Zariya, na riga na faɗa wa mai ƙunshi ni jan lalle zalla za ta yi min, na gargajiya wanda ake kwaɓawa a ɗaure da leda. Ta turo min saƙon murya tana dariya wai Anti sai kace wata kaka.